Soso, durom, tsakuwa ko canjin ruwa: wanne zai raba ka da wankin filta a tafkin kifin gida?

Mutane da yawa yanzu sun shiga ajiye kifi a gida, wani ya gina na kankare a gefen fulawoyi don kwalliya ya zuba koi, wato manyan kifin kwalliya masu launi-launi, ko ƙananan jajayen kifin nan, wani kuma tampol ya kafa a bayan gida ya cika shi da tarwaɗa yana lissafin wata biyar ko shida ya kwashe ya sayar. Kuma in ka saurare su labarin kusan ɗaya ne, satin farko ruwa garau har ƙasa kana gani, kafin wata ya zagayo ya koma kore shar, sai wani ya ce ai filta zaka saya, ka je ka sayo, toh daga ranar ka samu aikin yi, yau wankin soso jibi wankin soso, ranar da ka yi tafiya yara su manta ka dawo ka tarar injin tura ruwan na gurnani ruwa baya fita. Da yawa a nan suke haƙura, su kwashe kifin, wurin ya koma ma'ajiyar tarkace.

Abin da mai sayar da filta ba zai tsaya ya faɗa maka ba shi ne, filta tara datti kawai take yi a wuri ɗaya. Kamar tatar koko ne, gasara ta wuce amma dusar tana nan a ƙyalle, dole wani ya juye ta. Indai kashin kifin nan yana maƙale a soso kuma ruwa yana bi ta cikinsa, to har yanzu a cikin tafkinka yake, yana narkewa yana komawa. Don haka kafin ka fitar da ko sisi, ka tambayi kanka dattin nan in ya taru ta ina zai fita, hannun wa zai fitar da shi, sannan in NEPA sun ɗauke wuta awa goma me zai faru da shi. Da waɗannan nake auna kowace hanya.

Dattin ma iri biyu ne, mutane ɗaya suke kallo. Akwai na ido, kashin kifi da ragowar abinci da ganye da ƙura. Kusan rubu'in abincin da ka watsa kashi yake komawa, wato buhu mai kilo 15 in ya ƙare, ka ƙaddara wajen kilo uku zuwa huɗu na datti ya shiga ruwanka, kuma babu inda zai je sai an fitar da shi. Na biyun ido baya ganinsa, amoniya kenan, wadda kifi ke fitarwa galibi ta wurin da yake numfashi a gefen kansa, sai kuma wadda ke fitowa daga ruɓewar wancan dattin. Ita ce mai kisa, kuma dafinta ƙaruwa yake in ruwa ya yi zafi ko siminti ya sa ruwan ya yi kaifi irin na kanwa. Masu cinye ta wasu bakteriya ne masu amfani, Nitrosomonas su maida ta naitirayit, wanda shi ma guba ne, sannan irin su Nitrospira da Nitrobacter su maida shi naitiret, wanda kifi ke iya jurewa kuma shuka ke sha a matsayin taki. Su waɗannan bakteriya a jikin abu suke zama, jikin soso, jikin tsakuwa, bangon tafki, ba yawo suke a ruwa ba. Suna ɗaukar sati huɗu zuwa shida kafin su kafu, suna son ruwa mai motsi mai iska, kuma sinadarin kulorin na ruwan famfo yana hallaka su. Shi yasa zaka ga ruwa garau amma kifi na mutuwa, wani kuma ruwansa kore ne kifinsa lafiya lau.

Mu fara da filtar kanti, wadda ake sayowa a kwali a jona. Iri biyu ce, akwai buɗaɗɗen akwati mai jerin soso da ruwa ke shiga ta sama ya zubo ta ƙasa, akwai kuma rufaffiya mai murfi da ake ɗaurewa gam, inji ya tura ruwa da ƙarfi ta ciki. Gaskiya tana da kyau a ido, bata cin wuri, baka buƙatar mai gyaran famfo, yawanci ma tana zuwa da fitilar UV a ciki wadda ke kashe gansakukar nan mai sa ruwa kore. In ɗan tafki ne na lita 500 zuwa 1000 da kifi biyar shida ƙanana, wallahi ta isa, bana kushe ta.

Matsalarta soso ɗaya ne yake aiki biyu, shi ne mai tare kashi shi ne kuma gidan bakteriya. In ka bar shi ya toshe, in ka wanke shi tas ka kori bakteriyar, kullum kana tsaka mai wuya. Sannan lambar da aka rubuta a kwalin, ka ga an sa lita 6000, wannan lissafin tafkin da babu kifi ne, in ka karanta ƙananan rubutun zaka ga da kifi rabi ne, da koi kuma wajen rubu'i. Kuma an ƙera su ne don irin su Ingila da Jamus inda in sanyi ya shigo kifi ya daina ci wata da watanni filta ta huta. Mu nan kusan shekara gaba ɗaya ake ciyarwa, ga ƙurar hunturu a kai. Rufaffiyar nan kuwa ita da NEPA basa jituwa ko kaɗan, wuta na ɗaukewa ruwan ciki ya tsaya, ba iska ba mafita, cikin 'yan awoyi bakteriya da ruɓaɓɓen datti sun shanye oksijin ɗin da ke ciki, in aka jima ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, ana dawo da wuta cikin dare kana barci inji ya tashi ya watsa wa kifinka wannan baƙin ruwan. Buɗaɗɗen akwatin ya fi ta sauƙi a nan don iska na taɓa soson. Fitilar UV ɗin ma ana canja ƙwanta kusan duk shekara ko da kana ganin tana haske, kuma samun daidai nata a kasuwa wani aikin ne, ka tambaya kafin ka saya.

In dai ita kake da ita, ka daina kai soson bakin famfo. Ɗebi ruwan tafkin a bokiti, matse soson a ciki sau uku huɗu, ya fita da launinsa na ƙasa-ƙasa haka nan, ka mayar. Ba sabulu, ba omo, ba shanya a rana. In soso uku ne a ciki kada ka wanke su rana ɗaya.

Sai hanyar durom, kuma ita ce na fi so a yi maganarta sosai don ita ke raba ayyukan nan biyu. Shuɗin durom na roba mai lita 200 ɗin nan da ake sayarwa a kasuwa, ka tabbatar dai ba maganin feshi ko wani mugun sinadari aka zubo a ciki ba, nemi wanda aka ɗauko kayan abinci. Durom na farko babu komai a cikinsa, ba soso ba raga, aikinsa kawai ya rage wa ruwa gudu. Ruwa na shigowa ta fayif a wajen tsakiyar tsayinsa, a sa masa gwiwa ta yadda zai riƙa zagaye jikin durom ɗin a hankali, datti mai nauyi ya kwanta a ƙasa, ruwa mai ɗan haske ya fita ta wani fayif a sama. Wasu kuma fayif ɗin shigowar suke miƙarwa sama a tsakiya su kifa masa bokiti da aka yanke gindinsa, ruwan ya fito ya juya ƙasa dole sannan ya tashi, wannan ɗin ya ma fi kama ƙananan datti. A can ƙasan durom ɗin sai bawul mai faɗi, inci ɗaya da rabi ko biyu, kada a sa maka na rabin inci don toshewa zai yi. Wankinsa kenan, ka buɗe bawul, baƙar laka ta fito, kana ganin ruwan ya fara haske ka rufe. Ko minti ɗaya baya kaiwa, yaro ma zai iya, hannunka bai taɓa ƙazanta ba.

Sirrinsa yana wurin gudu. Ɗauki tafki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.5, zurfin santimita 80, lita 2400 kenan. In injinka na juya lita 2400 a awa, lita 40 kenan a minti, ruwan zai yi minti biyar a cikin durom mai lita 200, wannan ya ishi datti ya kwanta. In ka ɗauko babban sumo irin na rijiya ka jona don kana ganin ƙarfi shi ne kyau, ruwan wucewa kawai zai yi da dattinsa, ka yi asarar durom. Don kifin kwalliya a juya ruwan tafki gaba ɗaya sau ɗaya a awa ɗaya zuwa biyu ya wadatar.

Wani abu da mutane ke kuskurewa shi ne wurin ajiye inji. In injin yana cikin tafki a ƙasa yana zuƙar kashi, fankarsa niƙa shi take yi ya koma gari, garin kuma baya kwanciya da wuri. Abin da ya fi shi ne a yi wa tafkin mafita a ƙasa, a karkata daɓen zuwa wurin, fayif ya bi ta ƙasa ya shiga durom, ruwa ya taho da nauyinsa, injin kuma a sa shi a ƙarshen layi inda ruwa ya riga ya yi haske ya mayar da shi tafki. Da haka injin ma baya toshewa. Sharaɗin dai bakin durom ya ɗan fi saman ruwan tafki tsawo, don ruwa daidaita kansa yake, in durom ya yi ƙasa ambaliya zai yi. Masu tampol da masu kankaren da aka ɗaga sama wannan sauƙi ne gare su. Wanda tafkinsa rami ne a ƙasa kuma an riga an gama ba mafita, sai dai ya haƙura da inji a ciki, zai yi aiki amma ba kamar wancan ba.

Durom na biyu shi ne gidan bakteriya, tunda ruwan da ke zuwa masa ya riga ya sauke kaya, sai ya yi wata da watanni ba a taɓa shi ba. Me ake zubawa? Duk abin roba mai yawan saƙo da baya ruɓewa, soson wanka na raga, tsohuwar ragar kamun kifi da aka dunƙule, murafen robar ruwa da na lemo in ka tara da yawa, gutsattsarin fayif. Akwai ƙananan robobin da ake kira K1, dabarar daga Norway ta fito a ƙarshen shekarun 1980 don tace ruwan ƙazantar gari, ana hura musu iska suna ta juyawa suna goge junansu, basa buƙatar wanki sam. Suna da kyau ƙwarai, amma rayuwarsu a kan injin iska take dare da rana, in baka da sola ko inbata ka bar su kawai.

Aibin durom kuwa, muni. Ba wanda zai gina tafkin kwalliya a gaban falo ya so shuɗin durom biyu a gefe, sai ka ɓoye su da ɗan gini ko zana ko shuka. Baya kama ƙurar da ta yi laushi sosai, kuma baya hana ruwa kore. Sannan a rufe bakinsa da murfi ko gidan sauro, don a cikin tafki kifi na cinye tsutsar sauro amma a durom babu mai cin ta, kada ka je neman kwalliya ka jawo wa gida zazzaɓi.

Hanya ta uku kwamin tsakuwa da shuka. A gefen tafki, ɗan sama da shi, a gina wani ƙaramin kwami mara yoyo, a shimfiɗa fayif mai ramuka a ƙasansa, a zuba tsakuwa ƙanana wankakku zurfin kamar santimita 30, a dasa shuke-shuken ruwa kai tsaye a cikin tsakuwar ba tare da ƙasa ba. Inji ya tura ruwa ta ƙasa, ya ratso tsakuwa ya taso sama a hankali ya zubo cikin tafki. Tsakuwar gidan bakteriya ce mai girman gaske, saiwoyi kuma suna shanye naitiret, wato abincin da gansakuka ke rayuwa a kai. A cikin duka filtocin nan ita kaɗai ce ke yaƙar koren ruwa daga tushe, UV kashe gansakukar kawai yake, takin yana nan, shi yasa wasu suna sa UV sai ruwa ya yi haske amma doguwar gansakuka mai zare ta mamaye bango, wadda shi UV ɗin baya iya komai a kanta tunda bata bi ta cikinsa.

Girman kwamin ana lissafa shi da faɗin saman tafki, kashi 10 zuwa 30 cikin 100, in kifi da yawa ka nufi sama. Tafkin can namu mai murabba'in mita 3, kwami mai tsawon mita 1 da faɗin santimita 70 ya yi. Shukar kuma ba sai ka nemi ta waje ba. Gwaza na son ƙafarta a ruwa kuma ganyenta ya yi kyau, na'a-na'a na bazuwa har ka gaji da tsinka, reshen dankalin Hausa ma in ka soka yana kamawa. A cikin tafkin kansa bado yana ba da inuwa, kainuwa ma haka, saiwarta na tsotse taki da sauri, sai dai ka riƙa kwashe rabi in ta cika don kwashewar ce ainihin fitar da dattin, kuma koi da karfasa suna yage mata saiwa, in kana da su ka killace ta a cikin kwando. Ciyawar kachala dan Allah kada ka kawo ta gida, ka tambayi mutanen Hadeja da Nguru abin da ta yi wa hanyoyin ruwa da gonakinsu, saiwarta ma na iya huda leda ko tampol. Haka wata mai kama da kainuwa mai fure ruwan shuɗi-shuɗi, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta addabi ruwan Legas tun shekarun 1980 ta kuma bazu a kogin Kwara, tana aiki sosai a tafki amma wadda ka kwashe ka shanya ta bushe, kada a jefa a rafi ko kwata.

Aikin da kwamin tsakuwa ke nema kaɗan ne, datse shuka, cire busasshen ganye. Amma akwai ranar biya. In ka tura masa ɗanyen kashi kai tsaye daga tafki mai kifi da yawa, shekara ɗaya biyu tsakuwar ta cushe da laka, ruwa ya fara bin gefe ɗaya kawai, sai an kwashe tsakuwar duka da shebur an wanke, kuma wannan aikin ya fi wankin soso na shekara wahala. Maganinsa biyu, a sa masa bawul na wanki a ƙasa tun wurin gini, sannan in da hali durom mai kwantar da datti ya riga shi a layi. Kuma shi da gishiri basa shiri. Masu tarwaɗa sun saba watsa gishiri in kifi ya nuna alamar ciwo, toh gishiri baya tashi da tururi, yana nan, zai ƙona maka shuka. Kafso mai ja da rawaya da wasu ke farkewa su zuba a ruwa kuwa bakteriyar filta yake kashewa, kowace irin filta ce. Kifin da bashi da lafiya a ware shi a baho a yi masa magani can.

Ta huɗu ita ce babu filta sam, canjin ruwa kawai, kuma ita ce yawancin masu tarwaɗa ke kai. Kada a raina ta. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar waje, shi yasa take rayuwa a ruwan da koi ba zai kwana ba. In ka zuba ɗaruruwa a tampol ɗaya kana basu abinci kilo-kilo a rana, babu filtar kantin da zata ɗauki wannan nauyin, kuɗinka kawai zaka zubar. Fayif a tsaye a waje, ka kwantar da shi ruwan ƙasa mai laka ya fita, ka tayar ka cika da sabo, duk kwana biyu ko uku, in sun girma ma kusan kullum. Ba inji mai aiki dare da rana, ba ruwanka da ɗaukewar wuta sai lokacin ɗora ruwa a tanki. Sai dai wannan lissafin mai bohol ne ko rijiya mai ƙarfi. Wanda yake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya zauna ya yi lissafi, lita 1000 jarka 40 ce ta lita 25, a bazara kuma kowa ya san yadda kura ke tsada. Sannan ina ruwan zai tafi? In kwatar unguwa zaka saka, ka shirya jin ƙorafin maƙwabta don yana wari. In kana da ayaba ko zogale ko ɗan lambun alayyahu a bayan gida kuwa taki ne ka samu kyauta.

Ga kifin kwalliya canjin ruwa ba madadin filta bane, abokin tafiyarta ne, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a sati, daga ƙasa ake zuƙa. Wanda ka ƙara don rana ta shanye ba canji bane, ruwa ne ya tashi ya bar dattinsa. Kuma kada a juye duka a goge bango da buroshi har ya yi fari, santsin nan na jikin bango shi ma filta ne. Ruwan famfo a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe kulorin ya fita kafin a zuba, na bohol kuma yawanci bashi da iska, a sake shi daga sama yana fantsama.

Maganar wuta, tunda uku daga cikin huɗun nan a kanta suka dogara. Inji mai wat 40 in ya kwana ya wuni yana aiki kusan yunit ɗaya yake ci. Batir mai 12V 100Ah irin na ruwa, in baka so ka kashe shi rabi zaka ja, zai riƙe wannan injin wajen awa 12 zuwa 15. In hakan ya yi maka nauyi, ɗan injin hura iska mai wat 5 zuwa 10 shi zaka fara ɗora wa batir, ka raba tiyonsa biyu, ɗaya a tafki ɗaya a durom ɗin bakteriya, zai riƙe su da rai har a dawo da wuta. Injin da ke aiki da farantin sola kai tsaye ba batir yana da arha amma da dare yake tsayawa, kuma dare ne lokacin haɗari, gansakuka da rana tana ba da oksijin da dare kuma sha take, shi yasa da asuba ake ganin kifi a sama suna haki. A watan Afrilu abin ya fi muni, ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe wajen miligiram 9 na oksijin a lita, a digiri 30 kuma 7 da rabi ne kawai, ga kifi ya fi buƙata a lokacin. Soket dai a ɗaga shi nesa da ruwa, kuma gidan da ke da yara masu rarrafe a yi wa tafki murfin ƙarfe ko shinge, wannan ba abin jira bane.

Duk wadda ka zaɓa, rabin wankin a hannunka ake haifar da shi, wurin ba da abinci. Abinci mai yawo a sama ya fi don kana ganin abin da suka ci, abin da basu cinye a minti biyar ba ya yi yawa, kwashe shi gobe ka rage. A hunturu da dare ke sauka ƙasa da digiri 15 a irin su Kano da Zariya kifi baya ci sosai, mutane kuma su ci gaba da watsa mudun da suka saba, duk ya nutse ya ruɓe, sai a ce filta ce bata da kyau. Yara da baƙi masu jefa burodi da tuwo a hana su. Tafki a ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro yana samun inuwa amma ganye zai ishe ka, a ɗaura raga a sama. Inuwar da ta rufe kamar rabin saman ruwan tana rage kore sosai. Bakin tafki a ɗaga shi taƙi ɗaya daga ƙasa don ruwan damina kada ya kwaso shara ya shigo, indararo ma a kauda shi.

Toh wanne kenan? Ni a ganina mai tafkin kwalliya daga lita 1500 zuwa sama, durom ɗaya mai bawul sannan kwamin tsakuwa a bayansa, an gama magana, aikinsa buɗe bawul sau biyu uku a sati da datse gwaza, kuma kwamin ma kwalliya ne, yana ɓoye durom ɗin. Mai ɗan ƙaramin tafki da kifi 'yan kaɗan, buɗaɗɗen akwatin kanti da kainuwa a sama. Rufaffiyar filta sai mai wutar da bata ɗaukewa. Mai tarwaɗa da bohol ya tsaya a canjin ruwa ya gyara gangaren ƙasan tafkinsa kawai, wanda ruwa ke masa tsada kuma ya sa durom biyu ya rage yawan kifin, don durom na rage canji ne, baya soke shi.

In kana da filtar soso yanzu kana so ka koma durom ko tsakuwa, kada ka cire ta ranar da ka jona sabon. Bar su su yi aiki tare wata ɗaya zuwa sati shida, ko ka ɗauko tsohon soson da dattinsa ka jefa cikin sabon durom ɗin ya zama iri, ka rage abinci zuwa rabi a wannan tsakanin. In sabon kwamin na siminti ne, a cika shi da ruwa ya jiƙa a zubar, a maimaita na sati biyu ko uku kafin a haɗa shi da tafkin da ke da kifi.